Dalilin Da Ya Sa Laftof Ke Jan Mutum Idan Yana Caji: Matsalar Soket Mara Wayar Ƙasa a Tsofaffin Gidaje da Yadda Ake Gyara Ta

A gidaje da yawa an riga an saba da abin har ya daina ba kowa mamaki. Mutum ya jona laftof a caji, ya ɗora hannu a jikinsa, ya ji wani ɗan zirr yana bin fatarsa. Idan ya sa silifas ko ya ɗage ƙafa daga siminti, abin ya ragu. Wani kuma wayarsa ce ke rikicewa da zarar ta shiga caji: ya danna harafi ɗaya wani daban ya fito, ko manhaja ta buɗe kanta. A kicin, yara sun san ba a taɓa murfin firiji da jiƙaƙƙen hannu, domin "yana ja".

Laifin yakan faɗa kan caja, ko kan 'yan NEPA, ko a ce na'urar ce ta tsufa. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana cikin bango, a bayan soket, inda ya kamata a samu wayoyi uku sai a tarar da biyu kacal. Wayar da ta ɓace ita ce wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin. Rashinta ba ya hana fitila kamawa ko waya yin caji, shi ya sa gida zai yi shekara talatin a haka ba wanda ya lura. Ranar da ake buƙatarta ita ce ranar da wata na'ura ta lalace daga ciki, kuma a ranar babu lokacin zuwa neman ta.

Wayoyi uku, kowace da aikinta

Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya ƙarfinta bolt 230 ne, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Soket mai ramuka uku masu kusurwa huɗu da ake gani ko'ina an gaje shi ne daga Ingila, inda aka fara amfani da shi a 1947 da lambar BS 1363. Idan mutum na fuskantar soket ɗin, ramin dama shi ne layif, wato wayar da ke ɗauke da wuta. Na hagu shi ne nutural, hanyar da wutar ke bi ta koma. Ramin sama, wanda ya fi sauran girma, shi ne na wayar ƙasa.

A tsohon tsarin launi, wanda har yanzu ya fi yawa a gidajen Arewa, layif ja ce, nutural baƙa, wayar ƙasa kuma kore ko kore da rawaya. A sabon tsari layif ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, wayar ƙasa kore da rawaya.

Layif da nutural su ne ke aiki kullum. Wayar ƙasa zaune take ba ta ɗaukar komai sai idan an samu matsala. An haɗa ta da jikin ƙarfe na na'ura, kamar gangar firiji, dutsen guga, hita ko akwatin kwamfutar tebur, sannan ta bi ta cikin bango zuwa akwatin rarraba wuta, daga nan zuwa wata sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan robar wata waya ta narke a cikin firiji har layif ta taɓa gangarsa, wutar za ta samu hanya ta bi wayar ƙasa. Idan babu wannan hanya, gangar firijin za ta zauna da bolt 230 a jikinta tana jira. Duk wanda ya taɓa ta yana tsaye a kan siminti ba takalmi, shi ya zama wayar ƙasar.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙafar sama ta filogi ta fi sauran tsawo: ita ke fara shiga, ita ke fita a ƙarshe, domin kada na'ura ta samu wuta ko na daƙiƙa ɗaya ba tare da kariya ba.

Yadda gidaje suka rasa ta

Hanyoyin suna da yawa, kuma ba tsufa kaɗai ba ne. Gidaje da dama an ja musu wuta ne tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, lokacin da abin da ke cikin gida bai wuce ƙwan fitila uku, fanka da rediyo ba. Aka ja wayoyi biyu saboda su ne ke sa fitila ta kama, aka bar ta ukun don rage kuɗi. Daga baya aka canza fuskar soket ɗin zuwa mai ramuka uku, amma ramin sama ba a haɗa shi da komai ba.

A wasu gidajen an yi aikin daidai tun farko, ta hanyar sa wayoyin cikin fayif na ƙarfe wanda shi kansa ke aikin wayar ƙasa. Shekaru suka wuce, tsatsa ta ci mahaɗan fayif ɗin, ko aka fasa bango aka maye wani sashe da fayif na roba, hanyar ta yanke. A wasu wuraren an ɗaura wayar ƙasa ne a jikin fayif na ruwan famfo, sai mai gyaran famfo ya zo ya musanya shi da na roba ba tare da ya san abin da ya tsinke ba. Akwai kuma gidan da sandar tana nan a ƙasa, amma wayar da ke zuwa gare ta an yanke ta wajen gyaran kwata, ko masu tsintar jan ƙarfe sun yi gaba da ita.

Sai ɗakunan da aka ƙara daga baya: shagon ƙofar gida, ɗakin samari a soro, bayan gida da aka gina a tsakar gida. Yawanci daga soket mafi kusa ake jan waya mai ciki biyu a kai musu. A ƙarshe ga doguwar soket ta ƙari, wadda ake kira estenshan. Da yawa daga cikin masu araha suna da ramuka uku a fuska, amma idan aka buɗe su wayoyi biyu ne a ciki. Ko gidan yana da atin mai kyau, duk abin da aka jona a irin wannan estenshan ya rasa ta.

Abin da ke faruwa da laftof da wayar hannu

Ɗan zirr ɗin da ake ji a jikin laftof yana da bayani mai sauƙi. Cajar laftof tana juya wuta ne da saurin gaske, sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan saurin yana haifar da hayaniyar lantarki da ka iya dagula rediyo da sauran na'urori. Don kashe hayaniyar, ana sa wasu ƙananan kafasita a cikin cajar da ke zubar da ɗan abin da ya yi saura zuwa wayar ƙasa. Idan wayar ƙasa ba ta nan, abin ba shi da inda zai je, sai jikin laftof ɗin ya tashi zuwa kusan rabin ƙarfin wutar gida, wato wajen bolt 115 idan aka auna da mita. Lambar tana da ban tsoro, amma yawan wutar da ke iya wucewa ta cikin kafasitar kaɗan ne, galibi bai kai miliamfiya 1 ba. Shi ya sa ake jin sa a fata ba tare da ya kayar da mutum ba. Laftof mai jikin alminiyam ya fi nuna shi fiye da mai jikin roba.

Ko da bai cutar da mutum ba, yana iya cutar da na'ura. Idan aka jona wayar HDMI daga irin wannan laftof zuwa talabijin, ko USB zuwa firinta, wannan bambancin ƙarfi yakan yi tsalle a daidai lokacin jonawa, wani lokaci har a ga ɗan tartsatsi. Ramukan HDMI da USB na iya mutuwa ta haka. Masu ɗaukar murya ko haɗa bidiyo kuma sukan ji wani gurnani a lasifika wanda ke ɓacewa da zarar an cire caja. Haka nan estenshan mai kariya daga hauhawar wuta: wani ɓangare na aikinta shi ne karkatar da rarar wuta zuwa wayar ƙasa, don haka a soket mara atin kariyarta ragaggiya ce.

Labarin wayar hannu ya ɗan bambanta, kuma yana da kyau a rarrabe. Cajar waya ba ta amfani da wayar ƙasa ko kaɗan. Idan aka duba cajar mai ƙafa uku za a ga ƙafar sama sau da yawa ta roba ce, aikinta kawai ta buɗe murfin da ke rufe ramukan soket. A jikin cajar akwai alamar murabba'i biyu, ƙarami cikin babba, ma'ana an yi mata rufi ninki biyu tsakanin wutar gida da bolt 5 da ke zuwa waya. Kariyar mai waya gaba ɗaya ta dogara ne da wannan rufin. Caja ta jabu tana rage shi don rage kuɗi, kuma hayaniyar da take fitarwa ita ke rikita sikirin, domin sikirin na gane yatsa ne ta hanyar auna ɗan canjin lantarki a saman gilashi. Don haka gyara atin na gida ba zai gyara cajar jabu ba. Maganinta jefarwa. A 2013, bayan rahoton mutuwar wata mata a China da ake dangantawa da wayar da ke caji, kamfanin Apple ya buɗe shiri na karɓar cajojin da ba nasa ba yana ba da na asali a kan dala 10. Abin da ya tabbata shi ne, wayar da ke jan mutum sosai a caji ba abin da za a jure ba ne.

Inda hatsarin gaske yake

Yawan wutar da ta ratsa jiki, da tsawon lokacin da ta ɗauka, su ne ke yin illa. Mutum na fara jin wuta tun daga wajen miliamfiya 1. A wajen miliamfiya 10 zuwa 15 tsokar hannu kan ƙage, ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga miliamfiya 30 zuwa sama, idan ta ɗan daɗe tana bi ta ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa. Jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa yana tare wuta da kusan om 1,000 kawai. Idan aka raba bolt 230 da 1,000 za a samu miliamfiya 230, fiye da ninki bakwai na abin da ke iya tsayar da zuciya.

Wannan ya sa na'urorin da suka fi hatsari a gida mara atin su ne masu jikin ƙarfe da ke kusa da ruwa: hitar wanka, injin jan ruwa na rijiya ko bohol, firiji da firiza, injin wanki, butar lantarki, dutsen guga. Fiyus ko bireka da ke akwatin wuta ba za su ceci kowa a nan ba. Bireka mai amfiya 20 ko 32 an yi ta ne don kare waya daga zafi da gobara. Miliamfiya 230 da ke kashe mutum bai kai ko kwatar amfiya ɗaya ba, bireka ba za ta ko motsa ba.

Yadda ake ganewa

Abu na farko ba ya buƙatar kayan aiki: a zagaya bayan gida, kusa da mita ko akwatin wuta, a nemi koren waya da ke sauka cikin ƙasa. Idan babu, ko tana lilo a tsinke, an samu rabin amsa.

Na biyu shi ne ƙaramar na'urar gwajin soket, mai kama da filogi da fitilu uku a bayanta. Ana cusa ta a soket, fitilun su nuna ko babu atin, ko an juya layif da nutural. Ana samunta a shagunan kayan wuta, kuma ba ta buƙatar a kwance komai. A gwada kowane soket, a kuma gwada kowace estenshan daban. Tasta ta sukudireba, mai ɗan haske a ciki, ba ta wannan aikin. Tana nuna cewa akwai wuta a wuri ne kawai.

Wanda ya iya multimita zai iya aunawa: tsakanin layif da nutural wajen bolt 230, tsakanin layif da ramin sama kusan daidai da haka, tsakanin nutural da ramin sama kuma 'yan bolt kaɗan. Idan layif da ramin sama sun ba da sifiri, ko wata lamba mai yawo kamar 60 ko 90, ramin a buɗe yake. Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje suna nuna ko akwai haɗi ne, ba sa nuna ingancinsa. Siririn gashin waya ɗaya ma zai sa fitilun su nuna lafiya lau. Auna ingancin sandar ƙasa na buƙatar na'ura ta musamman, wadda ƙwararren mai wayarin ke da ita.

Gyaran da ya fi rashin gyara muni

Akwai wata dabara da wasu masu gyara ke yi don aiki ya yi sauri: su ɗauki guntun waya su haɗa nutural da ramin atin a bayan soket. Nan take laftof ya daina ja, na'urar gwaji ta nuna komai daidai, mai gida ya biya yana godiya. Abin da aka yi a zahiri shi ne an ɗaura jikin kowace na'ura a kan wayar da ke ɗaukar wuta kullum. Ranar da nutural ta tsinke a wani wuri kafin soket ɗin, a turken wuta ko a mita ko a wani mahaɗi da ya ƙone, wutar da ta shiga ta layif za ta ratsa cikin na'ura ta fito a jikin gangarta. Haka kuma idan wani ya juya wayoyin wajen sake jona gida a turke, abin da ba baƙo ba ne a unguwannin da ake canza layi idan wuta ta yi rauni, jikin firiji zai koma layif kai tsaye ba tare da komai ya lalace ba. Gidan da ba shi da atin yana buƙatar na'ura ta lalace kafin ya yi kisa. Gidan da aka yi wa wannan dabara ba ya buƙatar hakan.

Sauran gyare-gyaren ƙarya sun haɗa da ɗaura waya a ƙarfen taga, buga ƙusa a bango ko a siminti a naɗa mata waya, da ɗaurawa a famfo. Ƙarfen taga zai zama abin da ke jan duk wanda ya jingina da shi daga waje, famfo kuma ya kai wutar bayan gida. Karya ƙafar sama ta filogi don ta shiga soket mai rami biyu shi ma cire kariya ne da hannu.

Gyaran gaskiya

Mataki na farko, wanda ya fi kowanne sauri da tasiri, shi ne sa na'urar da ake kira RCD ko RCCB a akwatin rarraba wuta. A kasuwa an fi saninta da ELCB. Aikinta lissafi ne: tana auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan sun yi daidai, ba komai. Idan wadda ta dawo ta gaza, wato wani abu ya zube ta wata hanya, mai yiwuwa ta jikin mutum, sai ta yanke wuta cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, idan zubar ta yi yawa ma cikin miliseken 40. Dole a duba lambar da ke jikinta. Mai 30mA ita ce ta kare rai. Masu 100mA da 300mA don kare gida daga gobara ne. Amfaninta ga tsohon gida shi ne tana aiki ko da babu wayar ƙasa a soket. Amma a irin wannan hali ba za ta yanke ba sai wutar ta fara bi ta jikin wani, don haka mutum zai ji jan kafin ta cece shi. Ba za ta kare wanda ya riƙe layif da nutural a tare ba, kuma ba za ta kawar da zirr ɗin laftof ba, domin wancan bai kai abin da take gani ba. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T, wanda ya kamata a riƙa dannawa aƙalla duk wata shida. Idan an danna ba ta faɗi ba, ta mutu.

A tsohon wayarin, RCD kan yi ta faɗuwa da zarar an sa ta. Wannan ba lalacewa ba ce, tana nuna wata zubar da ta daɗe a gidan ne, ko wani wuri da aka haɗa nutural da atin. Mai gyaran da ya ce a cire ta ko a zagaye ta don a huta ya mayar da gidan inda yake. Ana gano layin da ke da matsala ne ta hanyar kashe bireka ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu shi ne sandar ƙasa. Ana amfani da sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, wadda aka fi samu mai tsawon mita 1.2, kuma ana iya haɗa biyu su yi zurfi. Ƙasa mai danshi ta fi ɗaukar wuta. A yankunan jigawa da marmara, sandar da ta ba da sakamako mai kyau a watan Agusta tana iya zama kusan banza a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Shi ya sa ya fi kyau a auna ta da rani, a kafa ta inda ke riƙe danshi, ko a kafa biyu ko uku da tazarar da ta kai aƙalla tsawonsu a haɗa su da waya. Gishiri da gawayi da aka saba zubawa a ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma ruwan damina na wanke gishirin, kuma kafin ya tafi yana cin ƙarfen. Mahaɗin waya da sanda a yi shi da matsi na ƙarfe, a bar shi cikin ɗan rami mai murfi da za a iya dubawa, kada a binne shi cikin siminti.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya sani a nan. Idan sandar ta ba da om 100, kuma layif ta taɓa gangar firiji, wutar da za ta bi ƙasa ita ce 230 a raba da 100, wato amfiya 2.3. Wannan ba zai kayar da bireka mai amfiya 20 ba. Gangar za ta ci gaba da zama da wuta, mita na ta ci. Amma amfiya 2.3 ya ninka abin da RCD ke buƙata sau fiye da saba'in, za ta yanke nan take tun kafin kowa ya taɓa. Sanda ita kaɗai ba ta isa ba, RCD ita kaɗai rabin kariya ce. Tare suke aiki.

Mataki na uku shi ne kai wayar ƙasa zuwa kowane soket. Idan wayoyin suna cikin fayif mai sarari, ana iya jan koren waya a ƙara. Idan babu sarari, ko robar tsofaffin wayoyin ta fara farfashewa a hannu, sai a ja sabon layi ta saman bango cikin bututun roba mai murfi, ba sai an fasa gini ba. Layin soket ana yin sa da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. A kula da jabu: akwai wayar alminiyam da ake shafa wa launin jan ƙarfe. Idan aka kankare ta da wuƙa za a ga fari a ciki, kuma ta fi ta gaske rashin nauyi. Idan kuɗi ba su isa a yi gida gaba ɗaya ba, a fara da kicin, bayan gida, injin ruwa, sannan inda ake ajiye kwamfuta.

Janareta da inbata

Gidan yau yakan samu wuta daga wuri uku: kamfani, janareta da inbata mai batir ko sola. Ƙananan janaretoci da yawa, da wasu inbatoci, ba su haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba, shi ya sa tasta kan kama a ramuka biyu idan ana kan janareta. A irin wannan hali RCD na iya kasa ganin matsala yadda take gani a wutar kamfani. Gyaran shi ne a haɗa jikin janareta da inbata da sandar gidan, a kuma haɗa nutural da ƙasa a wuri ɗaya tak, a tushen wutar, kafin RCD, bisa yadda littafin na'urar ya tsara. Wannan aikin wanda ya san tsarin canja layi ne. Bayan an gama, a gwada kariyar a kan kowace wuta daban.

Yawan hanyoyin wuta yana da wani hatsarin. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Mutane sukan kwance soket saboda "ai babu wuta", sai a dawo da ita hannu na ciki, ko wani ya tayar da janareta a bayan gida. Kafin a taɓa kowace waya, a kashe babban makunni, a kashe inbata, a mayar da makunnin canja layi tsakiya, sannan a auna a tabbatar.

Bidiyon Amurka da bangon Kano

Wanda ya nemi wannan batu a YouTube zai fi cin karo da bidiyon Amurkawa, kuma yana da kyau ya san inda suka bambanta. A can wutar soket bolt 120 ce, kuma gidajen da aka gina kafin shekarun 1960 da yawa suna da soket mai rami biyu. Dokarsu ta yarda a maye shi da soket na musamman mai suna GFCI, wanda ke yankewa a wajen miliamfiya 5, da sharaɗin a manna masa rubutu cewa ba shi da wayar ƙasa. Tunanin ɗaya ne da na RCD, amma kayan ba sa shiga juna: soket ɗin bolt 120 ba zai ɗauki 230 ba. Launin wayoyi ma tarko ne. A Amurka baƙar waya ita ce mai wuta, a tsohon tsarin Najeriya kuwa baƙa ita ce nutural. A Jamhuriyar Nijar kuma soket irin na Faransa aka fi amfani da shi, mai ramuka biyu masu zagaye da wata ƙafa da ta fito daga jikin soket ɗin, wadda ita ce atin. Adafta mai araha da ake sa wa filogin Najeriya a can sau da yawa ba ta haɗa wannan ƙafar.

Ɗan haya da wanda zai yi aikin

Yawancin matasa ba su da ikon fasa bangon gidan da suke ciki. Duk da haka akwai abin yi. Akwai RCD mai shiga soket kamar adafta, wadda ke kare duk abin da aka jona ta cikinta, kuma mutum zai tafi da abinsa idan ya tashi. A musanya estenshan mai waya biyu da mai uku. A daina cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Kada a kai waya mai caji bayan gida, kada a kwana da ita a kan katifa tana caji. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a cire kwamfuta da na'urar intanet daga bango gaba ɗaya, domin atin na soket ba maganin tsawa ba ne. Sannan a nuna wa mai gida sakamakon na'urar gwaji, wanda ya fi "ina jin yana ja" ƙarfi wajen magana. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, sanda ɗaya da RCD a kowane layi abu ne da 'yan haya za su iya haɗa kuɗi su yi da izinin mai gida.

Kamfanin rarraba wuta, ko KEDCO ne a Kano, Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, ba shi ke gyara wayarin cikin gida ba, wannan nauyin mai gida ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne a nemi ganinta. Tambayoyi uku sun isa a gane wanda ya san aikinsa: da me zai auna sandar, om nawa ta bayar, kuma RCD mai miliamfiya nawa zai sa. Wanda ya amsa da cewa zai "haɗa ta da nutural kawai" a sallame shi tun kafin ya buɗe jaka.

Idan kuma abin ya riga ya faru, wuta ta riƙe wani, kada a kama shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen katako ko kujerar roba, sannan a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce ba abin da ya same shi, domin illar wuta a zuciya tana iya bayyana daga baya. Yana da kyau kowa a gida, har da yara masu wayo, ya san inda babban makunnin yake tun yau.